Yadda Ake Amfani da Nebulaiza a Gida ga Mai Ciwon Asma

Ɗana na biyu yana da shekara 6 lokacin da likita ya tabbatar mana cewa tarin da ke hana shi barci duk hunturu asma ce, abin da kakarsa take kira fuka. Bayan mun kwana asibiti sau biyu a wata guda, sai muka sayi nebulaiza, na'urar nan da take mayar da ruwan magani ya zama feshi siriri mai shiga har cikin huhu. Wani dare da ƙura ta rufe gari, ƙirjinsa ya fara fito kamar kukan ɗan mage. Na kunna masa, ya ɗan samu sauƙi. Bayan rabin sa'a abin ya dawo, na sake, na kuma sakewa. Sai da na ga ya kasa faɗin "Umma, ruwa" a numfashi ɗaya, fatar da ke tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa ciki, sannan muka buga wa maƙwabci ƙofa ya kai mu asibiti. Nas ɗin da ta karɓe mu ta ɗora masa oksijin, ta juyo ta ce da ni, "Hajiya, tun a karo na biyu ya kamata a ce kuna nan."

Abin da ban gane ba a daren shi ne aikin maganin yana da iyaka. Idan asma ta tashi, abu uku ne ke faruwa a hanyoyin iska na huhu: naman da ya kewaye su yana tsukewa, cikinsu yana kumbura, majina mai danƙo tana taruwa. Salbutamol, wanda aka fi sani da sunan Ventolin, na farkon kawai yake magancewa. Yana sassauta naman cikin kamar minti 5, aikinsa ya kai sa'a 4 zuwa 6, amma ba ruwansa da kumburin. Kuma na'urar gida iskar ɗaki take hurawa, ba oksijin ba ce, duk da mutane da yawa haka suke zato saboda takunkumin ya yi kama da na asibiti. Duk wanda zai ajiye nebulaiza a gida ya riƙe waɗannan biyun kafin komai.

Ku fara da sanin abin da za ku zuba

Likita ne zai rubuta magani da adadinsa, bayan ya tabbatar asma ce. Ba duk ƙirjin da ke fito ne asma ba. Tsohon da zuciyarsa ta raunana ruwa ya taru masa a huhu yakan yi fito. Jaririn da mura ta sauka masa ƙirji yakan yi, kuma galibi salbutamol ba ya yi masa komai. Yaron da ƙwayar gyaɗa ta faɗa masa hanyar iska yana cikin wasa shi ma haka. Tarin da ya wuce mako 2 kuwa, musamman da rama da gumin dare, gwajin tarin fuka na tibi yake buƙata, wanda wata cuta ce daban duk da kamar suna.

Salbutamol na nebulaiza yakan zo a 'yan robobi ƙanana masu kai da ake murɗewa. A nan akwai tarko: robar miligiram 2.5 da ta miligiram 5 girmansu ɗaya, ruwan cikinsu ɗaya, mililita 2.5. Rubutun jiki ne kaɗai ya bambanta su. Ku karanta shi kowane lokaci, ko da tocilan waya ne da tsakar dare. Abin da likitoci suka saba rubutawa shi ne 2.5 ga yaron da bai kai shekara 5 ba, 2.5 zuwa 5 ga wanda ya wuce haka da kuma manya, amma abin da aka rubuta wa naku shi za ku bi. Don ku san nauyin abin, fesawa ɗaya ta inhela, wato ɗan gwangwanin maganin da ake fesawa a baki, maikirogiram 100 ce, robar 2.5 kuwa maikirogiram 2,500 ce, wato ninki 25, ko da yake da yawa yana ɓacewa a iska da jikin kofin.

Akwai kuma mai zuwa a kwalba, mai ƙarfin miligiram 5 a kowace mililita. Shi wannan sai an auna da sirinji an sirka, kuma da ruwan gishirin asibiti kawai ake sirka shi, nomal salin mai kashi 0.9. Ban da ruwan famfo, ban da na leda, ban da ruwan allura ma, domin ruwa zalla yana iya ƙara tsuke hanyar iska. Idan kun buɗe kwalbar ku rubuta kwanan wata a jikinta, bayan wata guda a zubar da ragowar.

Wani lokaci likita yakan haɗa da ipratropium, wanda wasu suka sani da Atrovent, musamman ga tsofaffin da hayaƙin taba ko na itace ya daɗe yana cin huhunsu. Shi ya fi jinkirin fara aiki, yana busar da baki, kuma ba a son feshinsa ya shiga ido. Mai hawan jinin ido, wato gulakoma, da dattijon da ƙabar fitsari ta kumbura masa yake wahalar fitsari, su gaya wa likita tun kafin a rubuta.

Nebulaiza ba sirace ba ce. Na ga gidan da aka ɗiga man zafi a kofin, na ji wanda ya ce a sa man habbatus sauda. Mai idan ya shiga huhu ba ya fita da sauƙi, yana haddasa wani ciwon. Haka maganin tari na sha, da ƙwayar da aka niƙa, da ruwan allurar da ba a rubuta don shaƙa ba. Abin da aka yi don na'urar kaɗai ke shiga cikinta. Wajen saye ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Ruwan ya zama garau. Idan ya yi duhu ko gurɓi-gurɓi, a yar. Ku ajiye robobin cikin ledarsu mai ƙyalli, nesa da rana, kada a bar su cikin mota ko kan taga a zafin bazara.

Wani abu game da ita kanta na'urar: idan ɗan'uwa ne ya aiko muku da ita daga Amurka, ku duba bayanta. Wutar can 110 zuwa 120 ce, tamu ta Najeriya da Nijar 220 zuwa 240. Idan ba a rubuta tana karɓar duka biyun ba, jonawa ɗaya za ta ƙone.

Haɗawa da shaƙa

Ku wanke hannu da sabulu ku busar. Ku ɗora injin a kan tebur ko kujera mai tauri. Kada a ajiye shi a ƙasa ko kan katifa, saboda ƙura yake zuƙa, katifa kuma tana toshe masa mashaƙar iska har ya yi zafi. A buɗe taga kaɗan. Idan ana zargin marar lafiyar yana da cutar da ake ɗauka ta numfashi, sauran mutane su bar ɗakin.

Ku kwance kofin magani. Akwai wani ɗan ƙaramin abu mai kama da mazurari a tsakiyarsa, shi ne ke farfasa ruwan ya zama feshi. Yakan faɗi wajen wanki ba a lura ba, idan babu shi kuwa injin zai yi ta ƙara amma ba abin da zai fito. Ku tabbatar yana wurinsa. Murɗe kan robar, matse ruwan duka a kofi, kada bakin robar ya taɓa hannu. Yawancin kofuna sun fi aiki da kyau idan ruwan ya kai mililita 3 zuwa 4, don haka idan likita ya ce a ƙara salin, a ƙara daidai yadda ya ce. Rufe kofin sosai, jona bakin tiyo ɗaya a gindinsa, ɗaya bakin a injin, sa abin baki ko takunkumi a sama, kunna. Cikin daƙiƙoƙi za ku ga farin feshi. Idan bai fito ba, duba ko tiyon ya lanƙwashe ko ya zame.

Marar lafiya ya zauna a miƙe, bayansa a jingine, kofin ma a tsaye. Kwanciya tana sa maganin zubewa, kuma tana ƙara wa mai asma wahala. Babba da yaron da ya yi hankali, abin baki ya fi musu takunkumi, domin hanci yana tare wani kaso na maganin. A sa shi tsakanin haƙora, a kan harshe, a rufe leɓɓa. A yi numfashi ta baki a hankali kamar yadda aka saba, lokaci-lokaci a ja mai zurfi a riƙe daƙiƙa 2 ko 3. Kada a yi ta haki da sauri don a gama, jiri kawai zai kawo. Ba a hira a lokacin.

Yakan ɗauki minti 5 zuwa 15. Za ku ji ƙarar ta canja, ta koma tartsatsi kamar mai a kasko, feshin yana yankewa. Ku ɗan ƙwanƙwasa jikin kofin da yatsa don ɗigon da ya manne ya gangaro, ku ƙara kamar minti ɗaya, sannan a kashe. Kullum ana samun ɗan ragowa a gindi. Haka aka yi shi, ba sai ya bushe ƙarau ba, kuma ba a ajiye ragowar don anjima. Robar da aka buɗe ma haka, ko rabi aka yi amfani da shi a zubar da sauran. A kurkure baki, wanda ya sa takunkumi a goge masa fuska da jiƙaƙƙen tsumma.

Yara su ne wahalar. Kuskuren da na fi gani, ni ma na yi shi, shi ne riƙe takunkumin nesa da fuskar yaro don kada ya yi kuka, ana kaɗa masa feshin. Tazarar yatsa biyu ma ta isa ta sa mafi yawan maganin ya bi iska. Dole takunkumin ya zama daidai fuskarsa, ya rufe hanci da baki, ya zauna ba tare da ya taɓa ido ba. Yaron da ke tsala ihu kuwa, maganin a maƙogwaro yake tsayawa, domin jan numfashinsa gajere ne, fitarwar ce doguwa. Abin da ya yi mana aiki shi ne na ɗora shi a cinyata, bayansa a ƙirjina, hannuna ɗaya a kan takunkumin, ɗayan a kan cikinsa ina jin numfashinsa, yayarsa tana riƙe masa waya yana kallo. Ranar da yake lafiya lau muka bar shi ya yi wasa da takunkumin, ya kunna injin da kansa ya saba da ƙarar. Ya fi sauƙi a koya masa da rana a kan a fara kokawa ƙarfe biyun dare.

Bayan an gama, karkarwar hannu, bugun zuciya da sauri, ɗan ciwon kai, ko yaro ya yi ta zirga-zirga ya kasa zama, duk sanannu ne, sukan wuce da kansu. Amma ciwon ƙirji, ko bugun zuciya mai tsalle-tsalle, ko jiki ya mutu da ɗaurewar jijiya bayan an maimaita sau da yawa, waɗannan na asibiti ne, domin salbutamol mai yawa yana rage sinadarin fotasiyam a jini. Idan numfashin ya ƙara tsukewa nan take da fara shaƙa, a kashe a nemi likita. Mai ciwon zuciya, mai ciwon suga, mai maƙoƙon da ke aiki fiye da kima, da mai shan maganin fitar da ruwa, su sanar da likita. Wasu magungunan hawan jini irin su propranolol da atenolol, har da maganin ɗiga wa ido timolol, suna karo da salbutamol kuma suna iya tayar da asma. Aspirin, ibuprofen da diclofenac da ake saye a kemis ba tare da tambaya ba, su ma suna tayar wa wasu. Mai juna biyu kada ta ƙi maganinta don tsoron abin da ke ciki. Rashin iska ya fi cutar da shi.

Lokacin da za a bar gida

Ku dubi agogo lokacin da kuka kashe na'urar. Bayan minti 15 zuwa 20 ku tambayi marar lafiya wani abu da zai amsa da doguwar jimla, ku ɗaga rigarsa ku kalli ƙirjin, ku ƙirga numfashi na minti guda cur. Idan ya sake, yana magana, yana neman abinci, madalla, amma a ci gaba da sa ido. Idan sauƙin bai kai sa'a 4 ba ya nemi wani, a ga likita a ranar, kada a jira gobe.

A tafi asibiti nan take idan babu sauƙi bayan karo na farko, ko ya kasa gama jimla, ko yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko fatar wuya da ta tsakanin haƙarƙari tana lotsawa. Haka idan numfashi ya wuce 40 a minti ga ɗan shekara 2 zuwa 5, ko 30 ga wanda ya wuce 5, ko ya kai 25 ga babba. Mai ɗan abin auna oksijin na yatsa, ƙasa da 92 alamar tafiya ce. Ku duba cikin leɓe da harshe, domin a fatarmu a nan ake ganin canjin launi zuwa toka-toka ko shuɗi. Abin da ya fi ba ni tsoro, kuma ya fi yaudarar iyaye, shi ne fiton ya ɗauke, yaro ya yi shiru ya fara gyangyaɗi alhali ƙirjin yana ta aiki. Sai a ce alhamdulillahi ya samu barci, nan kuwa iskar ce ta yi ƙarancin da ba ta ma isa ta yi ƙara ba.

Gaskiya ne a asibiti sukan maimaita duk minti 20 a sa'ar farko, amma suna yi ne da oksijin, suna auna bugun zuciya, sun kuma ba da maganin kumburi irin su prednisolone, wanda shi ma sai ya ɗauki sa'o'i kafin ya kama. Shi ya sa jinkiri yake da tsada. A hanya marar lafiya ya zauna a miƙe, a ci gaba da ba shi inhela. Ku tanadi lambar mai mota ko mai adaidaita sahun da zai ɗaga waya da dare tun yanzu, ku kuma san asibitin da ke kusa da ku mai oksijin.

Idan an ɗauke wuta

Kada a shigo da janareta ɗaki ko a kunna shi a bakin taga don a yi sauri. Hayaƙinsa yana tayar da asma, kuma yana kisa ko ga mai lafiya. Akwai ƙananan nebulaiza masu caji, suna da amfani, amma abin da na fi so kowane gida ya mallaka shi ne inhela da sifesa, wato ɗan bututun roba da ake fesa maganin ciki a shaƙa daga ɗaya bakin. A yawancin tashin asma da bai yi tsanani ba, aikinsu bai gaza na nebulaiza ba, ga sauri, ga ƙarancin karkarwa, ga shi suna shiga jaka. Inda ba a samu na saye ba, gorar ruwa ta roba mai rabin lita tana yi. Likitocin yara a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Heather Zar, sun gwada ta a 1999 suka samu aikinta daidai da na kanti. Ana huda gindin gorar daidai bakin inhela yadda zai shiga dam, a wanke da ruwan sabulu a bar ta ta bushe da kanta ba gogewa. A girgiza inhela, a sa bakin gorar a baki, a fesa sau ɗaya, a yi numfashi 5, a ɗan dakata, a sake girgizawa a kuma fesawa. Ɗaya bayan ɗaya, ba a tara su. Abin da aka saba shi ne 2 zuwa 6 ga ɗan ƙasa da shekara 6, da 4 zuwa 10 ga wanda ya fi haka. Ku sa likita ya rubuta muku naku adadin, nas kuma ta nuna muku da hannu.

Wanki

Kofin da aka bari da laima gidan ƙwayoyin cuta ne, kuma kai tsaye huhu za su. Bayan kowane amfani a kwance kofi da abin baki, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, wanda aka tafasa ya huce idan ba a yarda da na rijiya ba. Sau ɗaya a rana a wanke da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a kife a kan tsumma mai tsabta su bushe, a rufe da wani saboda ƙura. Tiyo ba a sa shi a ruwa. Idan kun ga raɓa a ciki, ku kunna injin da tiyon kaɗai na minti biyu, idan ya yi baƙi-baƙi a sauya. Wasu kofunan ana tafasa su mako-mako, wasu narkewa za su yi, takardar na'urar ce za ta faɗa. Akwai ɗan farin soso a jikin injin mai tace iska. A hunturu namu yakan koma ja cikin 'yan makonni. Ba a wanke shi, sabo ake sawa. Kowa da kofinsa da takunkuminsa. Idan maƙwabta suka zo aro, injin kawai za a ba su.

Wanda yake buƙatar maganin buɗe ƙirji fiye da sau 2 a mako, ko tari yana tashinsa da dare, ko yana ƙarar da inhela 3 a shekara, asmarsa ba ta kwanta ba. Tun 2019 kwamitin ƙwararru na duniya kan asma, GINA, ya daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da salbutamol shi kaɗai. Ana buƙatar inhelar rigakafi mai rage kumburi, irin su beclometasone ko budesonide, da ake shaƙa yadda aka tsara ko da ana jin lafiya, a kurkure baki bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke da asma a 2019, kuma 455,000 suka rasu, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi inda wannan inhelar take wahalar samu. A gidanmu sai da muka haƙura da turaren wuta a ɗakin yara, muka bar maganin sauro na kunnawa muka koma gidan sauro, shara kuma sai an yayyafa ruwa.

Bayan daren nan na sayi ƙaramin littafi na ɗaure shi da zare a hannun na'urar. Duk lokacin da aka kunna, sai a rubuta rana, lokaci, miligiram nawa, da sa'a nawa sauƙin ya yi. Da muka koma ganin likita na miƙa masa, ya ƙirga sau 9 a cikin mako 3, ya ajiye biro ya ce a kawo inhelar rigakafin yaron ya shaƙa a gabansa. A nan muka gano ba ya rufe leɓɓansa a bakin sifesar. Ya gyara masa, ya rubuta mana takarda mai layi uku: abin yi kullum, abin yi idan tari ya fara, da alamomin tafiya asibiti. Mun liƙa ɗaya a bayan ƙofar ɗaki, ɗaya kuma tana jakar makarantarsa tare da inhela.